Da Wane Kunne Kwamfutarka Ke Jin Ka?

Akwai wata hira da na taɓa ɗauka da wani dattijo, ta kusan awa guda, wadda har yau idan na tuna ta sai raina ya sosu. Na tanadi makirufo mai kyau, na jona shi da kwamfuta, na ajiye shi dab da bakinsa, na ga alamar ɗaukar murya tana tafiya, muka shiga magana. Sai da na zauna sauraro daga baya na gane cewa makirufon nan ko kalma ɗaya bai ɗauka ba. Ƙaramin makirufon da ke jikin kwamfutar ne ya yi aikin tun daga farko har ƙarshe, daga nesa. Ya kwaso ƙugin fankar kwamfutar da motsin takardu, muryar dattijon kuwa kamar daga ƙasan rijiya. Kuma babu abin da ya lalace. Kwamfutar ta saurara ne da kunnen da aka tsayar mata, ni kuma ban duba wane ne ba.

Abin da ya sa wannan kuskure ke da wuyar kamawa shi ne, mai magana ba ya jin sa. Idan kwamfuta ta tura sauti zuwa lasifikar da ba ita kake so ba, nan take kunnenka zai shaida maka, ka gyara. Idan kuwa ta ɗauki muryarka ta makirufon da ba shi ka nufa ba, kai dai kana jin kanka garau kamar kullum, domin da kunnenka kake ji. Mutanen da ke ɗaya ɓangaren su ke shan wahalar, kuma sau da yawa kara ce ke hana su faɗa maka. Shiru ɗungurungum ma ya fi sauƙi, don ba za a yi daƙiƙa biyar ba wani zai ce, "Ba ma jin ka." Wanda ake ji sama-sama shi ne abin tausayi. Zai iya shafe watanni yana koyarwa ko halartar taro da murya mai tsatsa, yana ta ɗora wa intanet laifin da ba nata ba.

Kwamfutar yau kunnuwa gare ta barkatai. Ta tafi-da-gidanka tana zuwa da nata a jiki, galibi biyu ko fiye, jere kusa da kyamara. Ka jona kyamarar waje, ita ma da nata makirufon. Iyafis ɗin waya na da shi, abin kunne na Bluetooth na da shi, wasu allunan kwamfuta na da shi, har abin buga wasannin bidiyo wani yana da shi. Ƙari kan waɗannan, akwai na bogi, waɗanda wasu manhajoji ke ƙirƙira su cusa cikin jerin makirufon da kwamfuta ke nunawa, don tace hayaniya ko karkatar da sauti. A cikin taron nan duka, manhajar da kake magana da ita ɗaya tak take ɗauka a lokaci guda. Wa ke zaɓa, kuma a ina? A nan gizo ke saƙar.

Ƙofofi ne a jerin

Kafin a kai ga latsa wani abu, yana da kyau a san me sunayen nan na cikin jeri ke nufi. Makirufo aikinsa ya mayar da kaɗawar iska zuwa 'yar siririyar wutar lantarki. Kwamfuta ba ta fahimtar wannan sai an mayar da ita lambobi. Akwai wani ɗan guntun da'irar lantarki da ke auna ƙarfin wutar sau dubbai a kowace daƙiƙa, yawanci sau 44,100 kamar yadda aka tsara wa faifan CD, ko sau 48,000 kamar yadda aka saba a harkar bidiyo. Wannan guntu mai aunawa, shi ne babbar manhajar kwamfuta, wato Windows, macOS ko Linux, ke gani ta kira shi na'urar shigar da sauti.

Don haka idan ka soka makirufo a 'yar zagayayyar kafar nan mai faɗin milimita 3.5, kwamfuta ba ta san sunansa ba, ba ta san kamfanin da ya ƙera shi ba. Abin da ta sani kawai an soka wani abu a ƙofarta, sai ka ga suna irin External Mic ko sunan kamfanin da ya yi guntun sautin, kamar Realtek. Makirufon USB kuwa da nasa ma'aunin yake tafe a ciki, shi ya sa yake bayyana a matsayin baƙo mai cin gashin kansa. Mai tsada kan zo da cikakken suna. Mai araha sau da yawa USB Audio Device kawai za ka gani, kuma idan biyu ne irinsa, sai ka rasa wanne ne wanne. Microphone Array kuwa, idan ka gan shi a kwamfutar tafi-da-gidanka, jerin ƙananan makirufon jikinta ne. Mutane da yawa kan zaɓe shi da zaton shi ne sabon da suka saya, saboda sunan ya yi kama da na babban abu.

Daga wannan ƙofa murya sai ta ratsa hannu huɗu kafin ta isa ga mai sauraro: direba, wato ƙaramar manhajar da ke fassara tsakanin na'ura da babbar manhaja, sai zaɓin da babbar manhajar ta tsayar, sai izinin amfani da makirufo, sai kuma zaɓin ita manhajar da kake magana ta cikinta. Kowane ɗaya zai iya tare hanya. Mafi muhimmanci, na ƙarshen yana iya yin watsi da na biyun. Wannan ne ke sa mutum ya gyara komai a saitin kwamfuta, ya koma taro, ya tarar tsugune ba ta ƙare ba.

Windows da tsayayyunta biyu

A Windows 11 hanyar a miƙe take: Settings, sai System, sai Sound, ka gangara zuwa Input. Nan za ka ga jerin, ka latsa wanda kake so. Idan ka shiga cikin na'urar, akwai wurin ƙara mata ƙarfi, da wurin gwaji, da wurin sauya mata suna. A Windows 10 ma kusan haka ne.

Sai dai akwai abin da wannan shafi ba ya fito da shi fili sosai. Tun daga Windows 7, wadda ta fito a 2009, tsayayyen makirufo biyu ne a Windows. Akwai na aikin yau da kullum, Default Device, akwai kuma na kiran murya, Default Communication Device. Hikimar da ke ciki mai kyau ce: an yi tunanin ma'aikacin da ke son kiɗa ya fita ta lasifika, kira kuma ya bi ta abin kunne. Amma ga wanda bai san da rabon ba, abin kan zama ciwon kai. Manhajar naɗar murya tana bin na farko, manhajar kira tana iya bin na biyu. Sai ka gwada makirufo a wannan ka ji shi tangaram, ka shiga waccan ka koma magana ta kyamara.

Wurin da ake ganin su biyun a fili shi ne tsohon allon sauti. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka shiga shafin Recording. Wanda ke ɗauke da koren maki shi ne tsayayyen yau da kullum, mai hoton kan tarho shi ne na kira. Latsa na'urar da kake so da ɓangaren dama na linzami, ka ba ta muƙaman biyu. A ganina, duk wanda ba shi da wani dalili na musamman na raba su, haɗe su wuri ɗaya ya fi masa kwanciyar hankali. A wannan shafin dai, idan ka latsa fili da dama, akwai Show Disabled Devices, wanda ke tono na'urorin da aka kashe aka ɓoye. Makirufo da yawa da ake cewa sun mutu, a nan suke kwance.

Wannan tsohon allo yana da wata fa'ida da nake ƙauna: kowace na'ura tana da nata ma'aunin ƙara a gefe, kuma dukansu suna motsi a lokaci guda. Kana magana kana kallon wanne ya fi tashi.

Abu biyu kuma game da Windows. Na ɗaya, idan ka jona sabuwar na'ura, takan auna ta da sauran bisa wani tsarin fifiko nata, sau da yawa ta miƙa mata ragama ba tare da ta tambaye ka ba. Wanda ya jona kyamara don a gan shi da kyau, yana iya sauya muryarsa bai sani ba. Na biyu, wasu makirufon USB idan ka sauya musu kafa, Windows kan ɗauke su a matsayin sabuwar na'ura, har ka ga an sa lamba 2 a gaban sunan. Manhajar da ta haddace tsohon sai ta neme shi ta rasa, ta koma kan tsayayye shiru. Ware wa makirufonka kafa ɗaya, ka bar shi a nan.

A wannan tsohon allo, cikin Properties na na'urar, a shafin Advanced, akwai wani akwati da ke ba manhaja damar mallake na'ura ita kaɗai. Masu haɗa kiɗa na buƙatarsa don rage jinkiri. Idan irin wannan manhaja tana buɗe ta riƙe makirufo, sauran sai dai su jira. In an ce maka wata manhaja na amfani da makirufon, ka fara dubawa nan.

Mac

A Mac zaɓi ɗaya ne, don haka rikicin bai kai na Windows ba. System Settings, sai Sound, sai Input. Kafin fitowar macOS Ventura a 2022, System Preferences ake kiran wurin. Akwai gajeriyar hanya: riƙe maɓallin Option ka latsa alamar sauti da ke saman allo, jerin mashigan sauti zai fito.

Abin lura a nan na jikin na'ura ne. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na Apple, tun daga masu guntun tsaro na T2 na 2018 har zuwa na yanzu, suna yanke makirufon jikinsu da zarar an rufe murfi, kuma yankewar a cikin kayan lantarkin take, babu manhajar da za ta iya mayar da ita. An yi haka ne don kada a saurari mutum a ɓoye. Wanda ke rufe murfi yana aiki da babban allo na waje zai iya ganin sunan makirufon a jeri, ya zaɓe shi, amma ba za a ji komai ba. Mac mini kuwa ba ta da makirufo ko kaɗan sai an kawo mata. Sannan haɗa abin kunne na Bluetooth yakan ja mashigar sauti zuwa gare shi, ba mafita kaɗai ba, abin da zan dawo kansa.

Linux

Linux ta fi kowa nuna maka cikinta, shi ya sa take ba sabon shiga tsoro. Hawa biyu ne. A ƙasa akwai ALSA, wadda ke cikin zuciyar tsarin tana magana kai-tsaye da kayan sauti. A sama akwai mai raba sauti ga manhajoji. Shekaru da dama PulseAudio ce ke wannan aiki, manhajar da Lennart Poettering ya fara a 2004. Yanzu PipeWire, wadda Wim Taymans ya jagoranci ginawa, ta karɓe shi a yawancin rassan Linux: Fedora 34 ta koma kanta a 2021, Ubuntu ta bi sahu a fitowar 22.10 ta 2022.

Sanin hawan nan biyu yana rage yawo. Rubuta arecord -l a tagar umarni, wato Terminal. Idan na'urarka ta fito a nan, ALSA ta gan ta, matsalar tana sama. Idan ba ta fito ba, kada ka ɓata lokaci a saitin sauti, koma kan waya, kafa ko direba. A hawan sama, wpctl status na nuna jerin a PipeWire, da tauraro a gaban tsayayye, wpctl set-default tare da lambar na'ura kuma na sauya shi. Ga wanda ba ya son rubuta umarni, ƙaramar manhajar pavucontrol ta wadatar, kuma tana aiki da tsohon tsarin da sabon.

A cikinta akwai tarko biyu. A shafin Configuration kowane katin sauti yana da yanayin aiki. Idan yana kan Analog Stereo Output, fitarwa kawai yake yi, makirufon ba zai ma bayyana ba sai an mayar da shi Analog Stereo Duplex. Ɗaya tarkon shi ne sunayen da ke farawa da Monitor of. Waɗannan madubin abin da ke fita ta lasifika ne. Suna da amfani ga mai son naɗar sautin da kwamfuta ke kunnawa, amma idan ka zaɓe su a taro, mutane za su riƙa jin muryoyinsu na dawo musu, taka kuwa babu. Takwaransu a Windows shi ne Stereo Mix.

Izini, da manhajar da ke da ra'ayin kanta

A da, duk manhajar da ta ga dama tana iya buɗe makirufo. A 2018 abin ya sauya a manyan tsarukan biyu: macOS Mojave ta fara tilasta wa kowace manhaja neman izini, sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun shekarar kuma ta sa makullin sirri ya shafi har tsofaffin manhajojin tebur. Wannan ci gaba ne da nake goyon baya ɗari bisa ɗari. Illarsa kawai, hanin ba ya yin ƙara. Manhajar da aka hana za ta iya nuna sunan makirufo daidai, amma abin da ke isa gare ta shiru ne. Alamar gane shi: ma'aunin ƙara na motsi a saitin babbar manhaja, a cikin manhajar kuwa ko gezau. Sai a nufi Privacy & Security, sashen Microphone. A Windows ka gangara har ƙasa, domin makullin manhajojin tebur daban yake.

Idan ta burauza ake taron, ƙofofin izini sun zama biyu: babbar manhaja ta yarje wa burauza, burauza ta yarje wa shafin. Latsa Block sau ɗaya cikin gaggawa ya isa a ci gaba da hana shafin har sai ka je ka warware da kanka, ta 'yar alamar da ke gefen adireshi. Bayan haka burauzar na da nata zaɓin makirufo, shafin taron ma yana da nasa.

Zoom, Teams, Google Meet, Discord, OBS, Audacity, kowacce tana da jerin kanta. A ciki za ka ga zaɓi iri biyu: ko ka ce ta bi abin da babbar manhaja ta tsayar, wanda Zoom ke kira Same as System, ko ka kama suna takamaimai. Wanne ya fi? Ya danganta da zamanka. Mai yawo da kwamfuta, yau iyafis gobe makirufon jiki, ya fi masa sauƙi ya bar manhajoji su bi tsayayye, ya riƙa sauyawa a wuri ɗaya. Mai zama a tebur ɗaya da makirufo ɗaya na kirki, ya kama sunansa a kowace manhaja, don kada wata sabuwar na'ura ta shigo ta yi masa juyin mulki. Abin da ba na so shi ne rabi-da-rabi, inda mutum bai san wace manhaja ke bin wane tsari ba.

Wasu manhajojin kuma sau ɗaya suke karanta jerin, lokacin da aka buɗe su. Audacity na cikinsu: idan ka jona makirufo bayan ka buɗe ta, sai ka shiga Transport ka latsa Rescan Audio Devices kafin ta gan shi. Jona kayanka tukuna, sannan ka buɗe manhaja.

Batun Bluetooth

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne mutane suka fi zargin kayansu a banza. Ka sayi abin kunne mai kyau, kiɗa na fita raɗau. Ka shiga kira, nan take komai ya dushe, ya koma kamar tsohon tarho. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa: abin kunnen lafiyarsa ƙalau, tsarin Bluetooth ɗin ne haka.

Bluetooth na gargajiya yana da yanayi biyu na ɗaukar sauti. A2DP na kiɗa ne, mai inganci, kunne biyu, amma hanya ɗaya yake bi, daga kwamfuta zuwa kunne. HFP na kira ne, yana kai wa yana kawowa, sai dai a matse. A tsohon salonsa sau 8,000 kacal yake auna sauti a daƙiƙa, a ingantaccen salon mSBC kuma sau 16,000. Ƙa'ida ce ta lissafi cewa sautin da za a iya kamawa ba ya wuce rabin adadin aunawar. Ke nan a tsohon salon, duk sautin da kaɗawarsa ta haura 4,000 a daƙiƙa ya tafi. Mafi yawan ƙarfin harafin "s" kuwa a saman wannan iyaka yake. Shi ya sa a irin wannan layi "sara" da "tsara" da "shara" ke neman cakuɗewa, mai sauraro ya koma cike gurbi da hasashe, ya gaji da wuri bai san dalili ba.

Da zarar wata manhaja ta buɗe makirufon abin kunnen, dole na'urar ta sauka daga yanayin kiɗa zuwa na kira, sai abin da kake faɗa da abin da kake ji duk su ragu tare. Windows 10 takan nuna abin kunne ɗaya a matsayin na'ura biyu, Stereo da Hands-Free. Windows 11 ta haɗe su tana sauyawa da kanta, wanda ya rage ruɗani amma ya ɓoye dalilin.

Dabarar da ta fi aiki ita ce a raba: sauti ya fita ta Bluetooth, murya ta shiga ta wani makirufon daban, ko da na jikin kwamfuta ne idan ɗakin shiru ne. Galibi hakan na barin abin kunnen a yanayinsa mai kyau. Sabon tsarin LE Audio da aka sanar a 2020 an gina shi ne don ya rage wannan matsi, amma sai kwamfutar da abin kunnen duk sun iya shi kafin a amfana.

Idan na'urar ba ta cikin jerin

Wani lokaci babu abin zaɓa ma, domin makirufon bai bayyana ba. A nan sai a sunkuya a dubi kan fulogi. Ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfen. Zobe biyu, sassa uku ke nan: ko abin kunne ne zalla, ko makirufo zalla. Zobe uku, sassa huɗu: kunnen hagu, kunnen dama, makirufo, da layin da suke tarayya a kai. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu yawanci kafa ɗaya gare su mai jiran sassa huɗu. Idan ka soka mata makirufo mai sassa uku, tana iya ɗaukarsa abin kunne, ta tura masa sauti. Kwamfutar tebur kuwa kafafu daban-daban gare ta, bisa launukan da Microsoft da Intel suka tsara a ƙa'idar PC 99: ruwan hoda na makirufo, kore na lasifika, shuɗi na shigar da sautin wata na'ura. Iyafis ɗin waya a koriyar kafa zai ba ka ji, ba zai kai muryarka ba, sai da 'yar wayar nan mai raba ɗaya zuwa biyu.

Ko masu sassa huɗun ma iri biyu ne. A tsarin CTIA, wanda ya mamaye kasuwa yanzu, makirufo ne a sashen ƙarshe na gindi. A tsarin OMTP na tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson, an musanya shi da na kusa da shi. Tsohon iyafis a sabuwar kwamfuta na iya ba da sauti mai rami, makirufo kuma shiru.

Shuɗiyar kafa tana jiran sauti mai ƙarfi wanda aka riga aka haɓaka, don haka makirufo a cikinta sai raɗa. Manyan makirufon situdiyo masu fulogin XLR ba sa shiga kwamfuta kai-tsaye, sai ta akwatin sauti na USB, kuma nau'in kondensa ba ya motsi sai an danna maɓallin da aka rubuta wa 48V. A jeri, sunan akwatin za ka nema. Idan akwatin mai kafa biyu ne ka sa makirufo a ta farko, wasu manhajojin za su ajiye muryarka a kunnen hagu kaɗai, sai ka umarce su su ɗauka a layi ɗaya. Akwai kuma wayoyin USB da caji kawai suke yi, babu layin bayanai a cikinsu: fitilar makirufo za ta kama, kwamfuta kuwa ba ta san da zuwansa ba.

Gani ya kori ji

Duk bayanin nan na sama, gwaji ɗaya ne ke tabbatar da shi, kuma magana ba ta isa gwaji ba. Idan ka yi magana, duk makirufon da ke ɗakin zai ji, ma'auni zai motsa ko da ba wanda kake nufi ke aiki ba. Abin da ya ruɗe ni ranar hirar nan ke nan. Yi shiru, ka sa farce ka ɗan karci jikin makirufon a hankali, idonka a kan ma'aunin da ke cikin manhajar da za ka yi aiki da ita. Idan ya yi tsalle, shi ne. Idan da ƙyar ya motsa, karci gefen kyamara ko wajen ƙananan ramukan da ke saman allo, za ka kama wanda ke sauraronka. Kashe tace hayaniya kafin gwajin idan manhajar na da shi, don yana iya share ƙarar karcen.

Bayan an tabbatar da wanne ne, sai tazara. A fili, duk lokacin da nisan baki da makirufo ya ninka, ƙarfin murya na raguwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali hayaniyar ɗaki na nan yadda take. Wannan ne ya sa iyafis mai araha da ke rataye kusa da haɓa kan doke makirufo mai tsada da aka girke can ƙarshen tebur. Kimanin taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don iskar numfashi kada ta buge shi, ya ishi yawancinsu. Matso da shi ya fi ƙara Microphone Boost a Windows, domin ƙarin nan yana ɗaga murya tare da duk wani shuu da ke ƙarƙashinta. Ka lura kuma, wasu manhajojin kira na da saitin daidaita ƙarfin makirufo da kansu, kuma suna iya taɓa ma'aunin babbar manhaja. In ka ga ƙarfin da ka saita yana sauka shi kaɗai, can za ka kashe shi.

Abu na ƙarshe da nake yi a duk kwamfutar da zan daɗe ina aiki da ita shi ne rage cunkoso. Makirufon kyamara, na allo, na abin wasa, duk wanda na san ba zan taɓa magana ta cikinsa ba, a Windows ina kashe shi daga shafin Recording, a Linux kuma in mayar da yanayinsa Off a pavucontrol. Wanda ya rage sai in sauya masa suna zuwa abin da zan gane da kallo ɗaya, kamar "na tebur" ko "na kunne". Kafin duk wata hira ko darasi mai muhimmanci kuma, ina naɗar daƙiƙa goma a cikin ita manhajar da zan yi aikin, in sa abin kunne in saurara, sannan in ce wa baƙona bismillah.